Yadda Aka Bar Habibu Kwance a Cikin Rami

Habibu direban taksi ne a Yamai, amma a Damagaram aka yanke masa cibiya. Duk wanda ya taɓa shiga motarsa daga Harobanda, inda yake zaune, zuwa Babbar Kasuwa, ya san ba ya kunna rediyo, domin shi kansa rediyo ne. Kafin ku gama tsallake gada ya ba ka labarin gwiwarsa. In kuma cunkoso ya riƙe ku, to, sai ya shiga na Rami. Labarin gwiwa da dariya yake ba da shi. Na Rami kuwa har yau sai jijiyar wuyansa ta miƙe.

Ubansa baduku ne, ya so ɗan ya gaji wuƙa da basilla, amma tun Habibu na lekkol, wato makaranta, balo, ƙwallon ƙafa ke nan, ta ɗauke masa hankali. Mai tsaron baya ne, irin wanda ba a yi wa kirari a fili, amma ranar da bai zo ba kowa sai ya ji a jikinsa. Da ya tasa ya taho Yamai da jaka ɗaya da takalman balo, wai wata ƙungiya za ta gwada shi. Ba a yi nisa da gwajin ba wani ya shigo masa ta gefe a wani fili mai tsakuwa, gwiwar dama ta yi ƙara kamar an taka busasshen kara. Daga nan balo ta ƙare. Kunyar komawa gida hannu rabbana ta zaunar da shi. Ya yi aparanti, wato yaron mota, a wata mota mai zuwa Gaya, ya koyi tuƙi, ya samu farmi, takardar izinin tuƙi, daga baya wani ɗan garinsu ya ba shi taksi. Ya yi aure, ya haihu, ya ɗauko ƙanwarsa Iklima daga gida da ta samu shiga jami'a. A ido dai rayuwa ta zauna masa. Amma mai taksi, ko da mutum huɗu a motarsa, shi kaɗai yake wuni. Kowa ya shigo sauka zai yi. Abin da Habibu ya rasa tun ranar gwiwa ba balo ba ce kawai, a'a, a ƙirga mutane a ce saura shi.

Telebijin ɗin gidansa ce ta lalace, ya kai ta Lazare wurin wani mai gyara, Sumana. Sumana Bazabarme ne, haifaffen Yamai, ya girmi Habibu da kaɗan, Hausarsa ta kasuwa ce, mace da namiji duk "kai" yake ce musu. Gaban shagonsa tulin matattun telebijin ne. Bayan labule kuwa akwai wani ɗaki mai fanka guda da benci biyu da ekaran, wato allon telebijin, guda huɗu a jere, kowane da injin wasa a ƙarƙashinsa. A nan Habibu ya tarar da wani saurayi mai suna Faisal, mai sayar da salula a Zongo, yana ta danna manet, abin sarrafa wasan da ake riƙewa a hannu, yana ihu shi kaɗai.

"Mutum huɗu wasan ke so," in ji Sumana. "Mu biyu ne. Zauna, mai taksi."

Habibu ya ce shi ba yaro ba ne. Ya zauna dai don telebijin ba ta gyaru ba tukuna. Sai kiran magariba ne ya tashe shi.

Wasan yana da wani dogon suna na Turanci da ba wanda ya damu da shi. Su Rami suke ce masa, domin sojoji huɗu ne ke sauka wani tsohon ramin haƙar ma'adinai, mataki bayan mataki, suna harbin wasu dodanni masu kama da kunama. Hanya ɗaya ce kullum, lungu ɗaya, ƙofa ɗaya. Bindigar da ka samu yau taka ce har gobe. In an kayar da kai, kana kwance kana jan ciki, ɗan uwanka ya zo ya tsuguna ya ɗaga ka, ba a cajin kowa komai. In duk kun faɗi, wasan ya mai da ku bakin ƙofar da kuka wuce, ku sake gwadawa.

Ba a jima ba Habibu ya kawo Iklima ta cike na huɗu. Lahadi bayan azahar, in ba ta da karatu, ya sako ta gaban mota su tsallako. Ita ke riƙe doguwar bindiga, tana harbi daga nesa, ba ta yawan magana, ba ta yawan kuskure. Faisal mai hannu ne kamar walƙiya, shi ke gaba. Sumana ya ɗauki nakiya, rabin lokaci kansa yake tashi da ita. Habibu kuwa ya ɗauki garkuwa. Bai iya saiti ba, ya kuma san bai iya ba, amma ya haddace ramin nan kamar yadda ya haddace hanyar Wadata. Ya san inda dodanni ke ɓullowa, ya san ginshiƙin da za a fake, ya san lokacin da Faisal zai yi gaggawa ya faɗi. Kafin yaron ya gama cewa "Na faɗi," Habibu na kansa da garkuwa. Faisal ne ya fara ce masa Kapiten, sunan ya bi shi har tasha. Shekaru suka shuɗe a haka. Sun je sunan ɗan Sumana tare. Da mahaifiyar Faisal ta kwanta likita, taksin Habibu ce ta yi ta jigilar abinci.

Wata Lahadi da zafi, suka shigo suka tarar da Sumana tsaye gaban injunan yana sosa ƙeya. Ya ce wasan ya ƙi buɗewa sai da ya yi mizajur, wato masu shi sun turo sabon gyara ta rezo, intanet ke nan, ko kana so ko ba ka so. Faisal ya riga ya karanta komai a wayarsa, sai murna yake.

"Kapiten, an sake wasan gaba ɗaya. Yanzu irin wanda Turawa ke ce wa rogalayik ne."

"Rogo me?"

"Rogalayik."

"To, mu ga rogon," in ji Habibu.

Daga ranar sunan ya zauna. Har yau in yana ba da labari, zamani biyu gare shi: kafin rogo da bayan rogo.

Suna shiga ya ga garkuwarsa babu. Garkuwar da ya yi shekaru yana ƙara mata ƙarfi, har ya yi mata fenti kore. Kowa an ba shi wata ƴar bindiga kamar ta wasan yara. Ya ce to, a juya dama, akwai ginshiƙi. Suka juya dama, babu ginshiƙi, sai wani tafki na baƙin ruwa da bai taɓa gani ba. Dodanni suka fito ta inda a da bango ne. Kafin a ce kwabo an shafe su, wasan kuma bai mai da su bakin ƙofa ba, can sama ya watso su, hannu wofi. Da suka sake shiga, tafkin ma babu, wata gada ce.

"Kullum sabuwar hanya," in ji Faisal yana dariya. "Ba a haddacewa."

Habibu ya ajiye manet a cinya ya dube shi. "Wato in na kwana na tashi na tarar an ɗauke gadar Harobanda an kai ta Lazare, murna zan yi?"

Iklima ta ce, "Yaya, a gwada dai."

Aka gwada. Sannu a hankali suka gane sauran dokokin. In kun gama mataki, wani akwati ya buɗe da kyaututtuka uku, ku kuwa ku huɗu ne. Wata ta sa harsashinka ya kama da wuta, wata ta ƙara maka gudu, wata ba ta tsinana komai sai ƙara hasken fitilar hularka. Habibu ya ce layu ne, haka kuma suka ci gaba da kiran su. Layun nan ba naka ba ne, aro ne: ranar da aka shafe ku sun tafi. Akwai kuma wata doka da Habibu bai yarda da kunnensa ba sai da Iklima ta karanta masa sau biyu daga ekaran. Wanda ya tsuguna ya ɗaga ɗan uwansa, sai ya ba da laya ɗaya daga cikin nasa. In kuma ba a ɗaga ka ba har ƙofa ta rufe, kai da wasa sai an sake farawa, layunka kuma su zube ƙasa, duk wanda ya so ya tsinta.

"Tsaya," in ji Habibu. "In na taimaki mutum a ci ni tara, in na bar shi ya mutu in ci gado?"

"Don a sa mutum ya yi tunani ne," in ji Faisal.

"Wane tunani? Wanda ya tsara wannan bai taɓa cin tuwo kwano ɗaya da kowa ba."

Duk da haka bai daina zuwa ba. Zai faɗa maka da bakinsa cewa a farkon rogo ɗakin nan ya yi rai kamar ba a taɓa yi ba. A da sun haddace hanya har sun daina yi wa juna magana, kowa ya san aikinsa, Sumana ma har gyangyaɗi yake yi. Yanzu kuwa ihu, "Hagu! Hagu!", "Ku jira ni!", gumi har cikin ido. Abin da bai yafe ba shi ne irin maganar da ta biyo baya. Akwati na buɗewa sai a shiga ciniki. Faisal ya ce shi ya fi kashewa, shi ya kamata ya fara zaɓa. Sumana, da bai taɓa musu da kowa ba, ya fara cewa ai injinsa ne. Wata rana Iklima da Faisal suka miƙa hannu kan laya ɗaya, ta riga shi, bai sake yi mata magana ba har aka tashi. Habibu na kallo. Shi aka fi bari babu laya, domin shi ne ba ya rige. In ya samu ɗaya kuma, kafin mataki na gaba ya kashe ta wajen ɗaga wani.

Sai ga matsalar wutar lantarki. Kowa a Yamai ya san yadda take yi da zafi, ta zo ta tafi ba sallama. Kafin rogo, in ta ɗauke, sai su fito ƙofar shago Sumana ya ɗora shayi, in ta dawo su ci gaba daga inda suka tsaya. Bayan rogo babu inda aka tsaya. Wata Lahadi sun yi sa'a irin wadda ba su taɓa yi ba, sun sauka har wani wuri mai jan dutse da ba su san da shi ba, kowa da layu cike da ƙugu, fanka ta yi wani gurnani ta tsaya, ekaran huɗu suka yi baƙi tare. Da wutar ta dawo, wasan ya rubuta musu cewa an kashe su.

Habibu ya miƙe tsaye da gurguwar gwiwarsa. "Wa ya kashe mu? Ku nuna mani dodon da ya kashe mu! Mutum na zaune a ƙasar da wuta ba ta ƙyafta ido, ya yanke mana hukunci a nan. Ya san akwai mu kuwa? Ai da sai ya rubuta a bakin ƙofa, wannan ba na mutanen Yamai ba ne, mu san inda dare ya yi mana."

"Kala suru," in ji Sumana, wato sai haƙuri.

"Haƙurin na Allah ne, na ɗauka. Wannan kuwa mutum ne ya zauna ya rubuta shi da hannunsa."

Sumana ya haɗa tsofaffin batura daga cikin tarkacensa, ya yi wa injunan wata dabara da za ta riƙe su in wuta ta ɗauke. Wannan ta warware. Wadda ba ta warware ba tana gaba.

Ranar da abin ya faru, damina ta fara, an yi ruwa da safe, gari ya yi sanyi. Tun daga mataki na farko sa'a ta bi Faisal. Ya samu laya mai sa harsashi ya kama da wuta, ya samu wadda ke sa wutar ta tsallaka daga dodo zuwa dodo, ya samu ta uku mai mai da masa da jini duk lokacin da wutar ta ci wani. Uku ne amma kamar murhu suke, in ka cire dutse ɗaya tukunya ta kife. Habibu da kansa ya bar masa ta ukun, ya ce ɗauki, ta fi dacewa da kai. Yaron ya zama gobara. Suka wuce jan dutse, suka shiga inda ba su taɓa gani ba. A hanya Faisal ya yi irin gaggawar tasa ya faɗi, Habibu ya tsuguna ya ɗaga shi, ya ba da layar gudu. Ta rage masa ɗaya, mai kaurara fata.

A wani siririn lungu dodanni suka taso ta baya. Habibu ya juya ya tare su don sauran su wuce, abin da ya saba yi tun yana da garkuwa. Yanzu ba garkuwa, ba gudu. Suka kayar da shi. Iklima da Sumana sun riga sun tsallake ƙofa, ba dama su dawo. Faisal ne kawai a ciki, ya ƙone dodannin ƙurmus, ya tsaya kan Habibu. Babu kowa a lungun sai su biyu. Ƙofa ta fara saukowa a hankali.

"Ɗaga ni," in ji Habibu.

Faisal bai motsa ba. A kan benci kafaɗarsu na gugar juna.

"Faisal, ɗaga ni mana."

"Kapiten, in na ba da ɗaya duk sun lalace."

"Ɗaga shi!" in ji Iklima.

Faisal ya ce, "Mun kusa ƙasa. Ba za mu sake samun irin wannan ba. Ka yi haƙuri, in mun ci ai duka muka ci."

Habibu na kallon sojansa yana jan ciki, hannu a miƙe, har ya daina motsi. Layarsa ta faɗi ƙasa tana ƙyalli. Sai ya ga sojan Faisal ya sunkuya. Ya ɗauka zai ɗaga shi ne a makare. Ashe layar ya tsinta, ya yi tsalle ya shige ƙarƙashin ƙofa.

Habibu ya ajiye manet a kan benci a hankali, kamar mai ajiye ƙwai.

"Da ka bar ni kawai, da na ce tsoro ne," in ji shi. "Amma ka sunkuya. Gwiwarka ta lanƙwasu don laya, ba ta lanƙwasu don ni ba."

"Wasa ne fa, Kapiten. Dokar ce haka."

"Dokar ta ce kana iyawa. Ba ta ce dole ba."

"To da na ɗaga ka me za ka yi? Ba ka iya harbi ba. Gaskiya ce, kowa ya sani. A da hanya ka sani, yanzu babu hanya."

Sumana ya ce, "Kai, Faisal, bakinka." Amma magana zarar bunu ce. Iklima ta saki manet ɗinta, ta bar sojanta tsaye a tsakiyar fili har dodanni suka cinye shi, ta ɗauki jakarta. Faisal da Sumana suka ci gaba su biyu, ba su kuma kai ƙasan ba, mataki na gaba aka shafe su da layun da komai. Habibu bai gani ba, yana cikin mota. Har suka tsallake gada bai ce uffan ba, abin da Iklima ta ce ba ta taɓa gani ba tun da ta zo Yamai.

Ya daina zuwa Lazare. Ranar Lahadi sai ya yi ta aiki har yamma, fasinjoji suka sha labari. Matarsa Zuwera ta ce masa ƙato da shi, uban ƴaƴa, yana fushi a kan zanen telebijin. Ya ce mata zanen bai yi masa komai ba. Mutumin da ya kai wa uwarsa abinci likita ne ya auna shi da laya, laya ta fi shi nauyi. Amma in ya yi nisa cikin faɗan, ba kan Faisal yake sauka ba, kan waɗanda suka tsara wasan yake sauka. Ya ce yaron nan shekara nawa suna tare bai taɓa tsallake shi ba, sai da aka zo aka sa wa taimako farashi. Wanda ya ajiye nama gaban kura ya ce yana gwada halinta, shi ma a tambaye shi nasa halin.

Ana nan, wata rana Sumana ya kira shi a waya, muryarsa cike da murna. Wani ma'aikaci da zai bar gari ya sayar masa da tsofaffin injuna da suka daɗe a kwali, ba su taɓa ganin rezo ba tun kafin rogo. Tsohon Rami na ciki, yadda yake. Habibu ya ajiye fasinjan da ke motarsa a inda ya nema, ya wuce gida ya ɗauki Iklima. Na huɗunsu wani tela ne maƙwabcin Sumana, Nasiru, mutumin Tawa, mai sanyin hali, da ya daɗe yana leƙe ta labule.

Ga ginshiƙi nan a dama. Ga garkuwa, ko da ba kore ba ce. Habibu ya ji kamar ya shiga zauren gidansu a Damagaram. Ya yi ta ba da umarni, dodanni na fitowa daidai inda ya ce. Nasiru ya faɗi ya ɗaga shi, ya sake faɗi ya sake ɗaga shi. Suka wuce mataki, suka wuce wani. Can ya waiga ya ga Sumana na hamma. Iklima na harbi da hannu ɗaya tana duba wayarta da ɗayan. Shi kansa ya lura zuciyarsa ba ta bugawa. Da Nasiru ya ce masa na gode, sai ya ji godiyar ba ta da gishiri, don bai ba da komai ba. Kafin la'asar ya kashe injin da kansa.

Wannan ne ya fi ƙona masa rai, har yau in ya zo nan a labarin sai ya bugi sitiyari. Ya ce masu wasan ba su tsaya ga ƙwace masa sabo ba, sun bi shi har cikin tsohon sun zuba masa ruwa. Kamar a saba maka da yaji har bakinka ya mutu, sannan a ce ga tuwon gidanku nan, ci.

Lahadin da ta biyo ya dawo, ya zauna gaban rogo, amma ya ce kafin a taɓa manet a saurare shi. A ɗakin nan, in ji shi, ba a rige akwati. Wanda bai samu ba a wannan mataki shi ke fara zaɓa a na gaba. Wanda ya mutu, layunsa su ruɓe a ƙasa, ba mai taɓawa. Shi kuma a bar masa duk layar da kowa ya raina.

"Me za ka yi da fitilar hula, Yaya?" in ji Iklima.

"Kuɗin fansa ne. Tun da sun ce sai an biya, to, zan biya su da shara."

Haka ake yi har yanzu. Habibu na tafe a baya da tarkacen layu, mai ƙara haske, mai rage ƙarar takalmi, duk wanda ya faɗi ya jefa wa wasan ɗaya ya ɗaga shi. Nasiru ya fi kowa cin su. In sharar ta ƙare, Iklima ta ba da tata mai kyau ba tare da an tambaye ta ba, Sumana kuma ya ba da tasa yana gunaguni da Zabarmanci. Da wannan tsari suna kaiwa jan dutse kusan kullum, wani lokaci su wuce. Ƙasan ramin kuwa ba su taɓa gani ba, domin kafin su kai can duk ƙarfinsu ya tafi wajen ɗaga juna.

Faisal ya gani. Ya sayi injinsa, yana wasa a bayan shagonsa a Zongo da wasu mutane ta rezo da bai san fuskarsu ba, ba mai ɗaga kowa, kowa ya faɗi a kwashe kayansa a wuce. Da su ya kai ƙasa. Wata Lahadi ya shigo Lazare da ledar kilishi da wayarsa a hannu, ya gai da kowa, ya tsuguna gaban Habibu.

"Kapiten, na ɗauko maka hoton ƙarshen. Wallahi kai na fara tunawa. Ka ga yadda wurin yake."

Habibu ya karɓi kilishin, ya miƙa wa Nasiru ya raba. Ya tambayi Faisal jikin tsohuwa, ya ce ya gaishe ta. Wayar kuwa bai kalla ba.

"Su nawa kuka shiga?"

"Mu huɗu."

"Su nawa kuka kai?"

Faisal ya yi murmushin yaƙe. "Ni kaɗai."

"To mai da wayarka aljihu. Ka ga ƙasan rami, Allah ya sa alheri. Abin da ke ba ni haushi, kai suka ba gaskiya. Sun gina abin don irinka ya ci, sannan suka rubuta a kwalinsa wai wasan haɗin kai."

Faisal ya ɗan tsaya, ya ga benci a cike, ya yi sallama ya fita. Sumana ya raka shi bakin titi ya dawo. Iklima ta tambaya ko a fara. Habibu ya goge man kilishi a wandonsa, ya ɗauki manet, ya ce wa Nasiru yau in ya ga baƙin ruwa don Allah ya zagaye shi, domin layun banza ma ba kullum ake samun su ba.